Kafin Mu Ce Soja Su Dawo

Rundunar sojan ƙasa ta Najeriya tana ƙirga shekarunta ne daga 1863. Ke nan ta girmi haɗewar Kudu da Arewa da shekara 51, ta girmi 'yancin kai da shekara 97. A waccan shekara wani hafsan sojan ruwa na Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 a Legas, ya ba su bindiga, ya koya musu fareti. Sojan Hausa ake ce musu, da yawansu kuwa bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu. A kan wannan ɗan gungu aka yi ta ɗori har aka kai ga rundunar da Lugga ya ci ƙasar nan da ita.

Abin da ya sa na tono wannan shi ne maganar da ta cika bakin samarinmu a ƙasar Haɗeja, musamman tun da sojoji suka kifar da Bazoum a Nijar cikin Yulin 2023. A teburin mai shayi, a bakin kasuwa, a gindin darbejiya bayan an taso daga gona, sai ka ji an ce, "Wallahi gara soja su dawo." A zanga-zangar Agustan 2024 har tutar Rasha aka ɗaga a Kano ana kiran soja su karɓa. Ban ga laifin yaron da ya faɗi haka ba. Wanda taki ya gagare shi, man injin ban-ruwa ya gagare shi, ya gama sakandare ya zauna ba aikin fari ba na baƙi, dole zuciyarsa ta nemi wanda zai zo ya kaɗe kowa gefe. Sai dai mafi yawan masu faɗin haka ba a haife su ba a 1999 da soja suka sauka daga mulki, waɗanda aka haifa kuma suna goye. Sun tashi a shekarun da aka cire darasin tarihi daga firamare da ƙaramar sakandare, ba kuwa wanda ya zaunar da su ya ba su labarin a gida.

Ni abin da na gani a tarihin nan guda ɗaya ne, yana ta dawowa da sabuwar riga. Ɗan ƙauye ne ke ɗaukar bindigar, shi ne kuma ya fi kowa shan wuyarta, amma ba a taɓa tambayarsa ina za a juya bakinta ba.

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya ya nufo Kano. Turawan da ke cikin tafiyar ba su kai 40 ba. Sauran, mutum 700 da 'yan kai, baƙaƙe ne, da yawansu da Hausa ake ba su oda. Suka fasa Bebeji a hanya, ranar 3 ga Fabrairu suka shiga birni, Sarki Alu yana can ya tafi Sakkwato. Da mayaƙan Kano suka juyo aka yi karo a Kwatarkwashi, inda wani laftanar da mutum 40 da 'yan kai suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suka tare dawakin Kano, Waziri Ahmadu ya faɗi a nan. Sakkwato ta bi a watan Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi cikin Yuli. Mu sai a Afrilun 1906 abin ya iso mu. Aka taso da runduna daga Kano, aka kafa igwa, aka shiga Haɗeja, Sarki Muhammadu ya tsaya har ya faɗi tare da manyan mutanensa. Shi ya sa har gobe Mai Shahada muke ce masa.

Muna ba da wannan labari da alfahari, kuma ya cancanta. Inda ba mu cika tsayawa ba shi ne kan yatsan da ya ja kunamar bindigar. Ba daga Landan aka kawo shi ba. Me zai sa mai jin Hausa ya harbi ganuwar Kano a kan 'yan sulalla? Amsar da ɗaci, amma tamu ce. Ƙasar ta daɗe tana shan harin kamun bayi. Shekara goma kafin zuwan Turawa, Kano ta faɗa Basasar Tukurawa da Yusufawa, daga 1893 zuwa 1895, aka ƙone garuruwa, aka mai da 'ya'ya bayi. Mutumin da aka kama a gonarsa aka sayar, ya bi hannu-hannu har bakin teku, ba shi da sauran ganuwar da zai kare. Wanda ya ba shi riga da albashi da tabbacin ba mai sake ɗaure shi, shi ne ubangidansa. Gaskiya ne igwa da bindiga mai ruwa sun fi ƙarfin doki da mashi, amma igwa ba ta harba kanta. Ƙasar da ta wulaƙanta talakanta ita ta samar wa abokin gabarta soja. Duk wanda ya dubi yadda Boko Haram da 'yan bindigar daji ke samun yara a yau, ya san wannan lissafi bai tsufa ba.

Bayan an gama cin ƙasa, aikin rundunar ya koma sintiri. Garin da ya ƙi haraji ko ya ƙi sabon hakimi, a tura masa soja. Satiru, kusa da Sakkwato, shafe ta aka yi daga doron ƙasa a 1906. Aka gina barikoki a bayan gari, aka raba soja da mutanen da ya fito daga cikinsu, aka koya masa cewa farar hula abin daka wa tsawa ne. Kakanninmu in sun hango jar dara sai su faɗa cikin dawa. Wannan tarbiyya muka gada a 1960, ba mu kuwa taɓa zama mun warware ta ba.

Sannan aka kwashi 'ya'yanmu zuwa yaƙoƙin da ba namu ba. A yaƙin duniya na farko sun fafata a Kamaru, a Garwa da dutsen Mora, suka wuce Gabashin Afirka. A yaƙin Hitila sojan Najeriya ne a gaba wajen ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a farkon 1941, suka kutsa Habasha. Daga nan aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka loda su a jirgin ruwa sai Indiya, sai dazukan Burma, su kara da Japan. Yadda aka samo mutanen ba ɓoyayye ba ne. Akwai masu sa kai, amma an ɗora wa sarakuna adadi, sarakuna suka ɗora wa hakimai, hakimai suka ɗora wa dagatai, dagaci kuma ya duba gidan da ba shi da mai tsaya masa. Wanda ya tsira daga soja bai tsira daga diban gwamna ba, domin tsakanin 1942 da 1944 an kwashi dubban manoma zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Gyaɗarmu ma ta tafi yaƙin, filin jirgin Kano kuma ya zama zangon jiragen yaƙi masu wucewa Masar.

Ina yaro na tarar da ragowar mazan jiyan Burma a ƙauyenmu. Ɗaya daga cikinsu ba bindiga ya riƙe ba, dako ya yi, domin runduna ta 81 da ka ta yi jigilar kayanta a kwarin Kaladan inda mota ba ta shiga. Yakan ba mu labarin ruwan saman da ba ya ɗaukewa, da matsattsaku masu shiga takalmi, da yadda jirgi ke jefo musu abinci daga sama. Ranar Sallah yakan maƙala lambobinsa a ƙirjin 'yar shara, ya zauna a ƙofar gida mu je gaisuwa. Ya rasu a ɗakin jinka, bai bar komai ba sai lambobin nan. Kuɗin sallamar da aka ba baƙin soja bai kama ƙafar na Bature ba, ko da muƙaminsu ɗaya, wutar da suka shiga ɗaya.

Wuraren da suka zubar da jini sun zama sunayen barikoki: Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Letmauk a Ibadan, Dalet a Kaduna. Barikin Chindit na Zariya sunan rundunar da suka yi yaƙin sunƙuru a cikinta ne. Bukavu ta Kano kuwa gari ne a Kwango, inda sojanmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya bayan 1960. An adana sunan wuri, an bar sunan mutum. Mai son ganin sunayen 'yan Arewan da suka mutu a Burma sai ya je maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, inda Turawa suka sassaƙa su a jikin dutse. A garuruwan da aka haife su ko allo babu.

Sai a 1965 aka naɗa ɗan ƙasa na farko, Aguiyi-Ironsi, ya shugabanci rundunar. Ba a cika shekara ba harbi ya tashi. Kowa ya san juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya ci ran Sardauna da Tafawa Balewa da Akintola da Okotie-Eboh. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne a daren rundunar ta fara cin kanta. Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad, Laftanar Kanar Abogo Largema, Laftanar Kanar James Pam, Birgediya Ademulegun, Kanar Shodeinde, Laftanar Kanar Unegbe, duk na ƙasa da su ne suka harbe su. Maimalari yana cikin 'yan Najeriya na farko da suka yi karatun soja a Sandhurst, kuma hafsan da ke aiki a ofishinsa, wanda ya amince wa, shi ya kashe shi.

Nzeogwu, wanda ya jagoranci harin gidan Sardauna, haifaffen Kaduna ne, Hausa a bakinsa kamar ta kowa. Kwamandan bataliya ta 5 a Kano a wannan dare Ojukwu ne, haifaffen Zungeru, kuma ƙin ba su haɗin kai da ya yi yana cikin abin da ya karya masu juyin mulkin. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan, shi ne ya ayyana Biyafara. Hafsoshin Arewa da suka rama ranar 29 ga Yuli, aka kashe Ironsi da Fajuyi a Ibadan, da "araba" a bakinsu suka fito. Shekara guda bayan haka su ne a sahun gaba a yaƙin hana raba ƙasa. Nzeogwu ya mutu yana yaƙi a ɓangaren Biyafara, aka ɗauko gawarsa aka binne a Kaduna da karramawar soja. Kowannensu ya fito ne da yaƙinin shi ne mai gyara, kuma ba ɗaya da abin ya tsaya masa inda ya nufa.

Akwai abin da mu 'yan Arewa ba ma son a taɓo, amma ba zan tsallake shi ba. A 1966 an kashe dubban 'yan ƙabilar Ibo a garuruwanmu. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta 5 suka ɓalle a Kano, aka yi kisa a filin jirgi da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Waɗanda aka kashe 'yan tireda ne da akawuna da makanikai, ba su san Nzeogwu ba, ba wanda ya shawarce su. A Oktoban 1967 sojan tarayya suka tara maza a Asaba suka buɗe musu wuta. Jinin Sardauna yana mana ciwo har yau, kuma dole ya yi. Amma Musulmin kirki ba ya cewa jinin wani ruwa ne. In muna son 'yan Kudu su ji zafin 15 ga Janairu, sai mu iya buɗe baki mu ambaci Sabon Gari da Asaba.

Yaƙin basasa ya ɗauki wata 30, daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura ta kai wajen 250,000. An samo su ne daga gona, daga tasha, daga 'yan ci-rani, har da tsoffin sojan Burma da aka sake kira. Horon 'yan makonni, sai fagen daga. Runduna ta 2, ƙarƙashin Murtala, ta yi ta ƙoƙarin haye Kwara zuwa Onitsha cikin jiragen ruwa a Oktoban 1967, gaba da gaba da masu tsaron garin, ruwa ya ci yara masu yawa. A Maris ɗin 1968 aka ƙone ayarin motocinta a Abagana. A can ɗaya ɓangaren yunwa ta yi ta kwasar ƙananan yara, kuma mafi yawan ƙiyasi na cewa rayukan da suka salwanta sun kai miliyan ko fiye. Ƙasa ta zauna ɗaya. Ina cikin masu gode wa Allah da gode wa waɗanda suka tsaya, Gowon kuma ya yi abin yabo da ya hana ramuwar gayya bayan an ajiye makamai. Sai dai a duba rabon da aka yi. Hafsoshin yaƙin sun zama shugabannin ƙasa, gwamnoni, ministoci, wasu masu rijiyar mai. Kurtun da ya dawo da ɗingishi ya zama maigadi a Bompai.

Kusan shekara 29 soja suka yi suna mulki, kuma ba zan ce ba su yi komai ba. Gowon ne ya ba mu jihar Kano a 1967, Babangida ya ba mu Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991. A zamanin soja aka yi madatsar Tiga a hannun Audu Bako, wanda shi ɗan sanda ne, aka kawo firamare kyauta a 1976, aka yi gyaran ƙananan hukumomi. Mu da ke ƙasan kogi mun san ɗaya fuskar. Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke zuwa fadamun Haɗeja da Nguru. Cikar da ke ciyar da mai shinkafa da masunci da makiyayi ta ragu, ruwa ya koma zuwa ba a kan lokacinsa ba, ciyawar kachala ta toshe magudanai. Ba wanda ya zo Auyo ko Guri ko Kirikasamma ya ji ta bakin mutane kafin a datse kogin. Mulkin oda ke nan, alherinsa da sharrinsa duk daga sama suke faɗowa, kai naka karɓa. A 1975 an yi odar siminti tan miliyan 20, miliyan 16 daga ciki na ma'aikatar tsaro, ɗaruruwan jiragen ruwa suka toshe tashar Legas ana biyan su kuɗin jira. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da ya karya naira, soja ne ya kawo shi. Na san Abacha yana da masoya a Kano, suna tuna titunan PTF, wato asusun rarar kuɗin man fetur, da magungunan asibiti, amma kuɗin da aka kwashe a zamaninsa an shafe shekara fiye da 20 ƙasashen waje na dawo da su kashi-kashi.

Da na yi wa wani ɗan 'yar'uwata wannan lissafi, sai ya ce, "Kawu, to Murtala fa?"

Na ce, "Ɗana, Murtala namu ne, ba na bari a zage shi a gabana. To wa ya kashe shi?"

Wata shida da rabi ya yi a kan mulki. Talaka ya so shi don ya ga mutum mai yanke magana, ko da yake korar ma'aikata wajen 10,000 da aka yi a lokacinsa, da yawa ba tare da an ji ta bakinsu ba, ta bar tabon da aikin gwamnati bai warke ba. Ranar 13 ga Fabrairun 1976 mutanen Dimka suka harbe shi a cunkoson motocin Legas. Ba ɗan siyasa ne ya harbe shi ba, masu kaki ne irinsa. Bayansa aka ɗaure fiye da mutum 30 aka bindige, har da Janar Bisalla mai riƙe da ma'aikatar tsaro. A 1986 aka harbe Mamman Vatsa, abokin Babangida tun ƙuruciya. Ranar 22 ga Afrilun 1990 Manjo Gideon Orkar ya fito a rediyo ya ce an cire jihohin Sakkwato da Katsina da Kano da Bauchi da Borno daga Najeriya. Lokacin Jigawa tana cikin Kano. Da sun yi nasara, da mun kwana 'yan ƙasa mun tashi baƙi. Mai kiran soja yana hango Murtala ne, amma wanda zai fito a rediyo da asuba ba shi zai zaɓa ba. Yana iya zama Murtala, yana iya zama Orkar. In na kirki ne ba ka da hanyar kare shi, in mugu ne ba ka da hanyar cire shi.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ɓarnar da mulki ya yi wa ita kanta rundunar. Hafsa mai basira ya daina burin zama kwamandan bataliya, ya koma burin zama gwamna ko shugaban wata hukuma mai maiƙo. Shugaban da ya hau ta juyin mulki ba abin da yake tsoro kamar sojansa, don haka amana ta fi ƙwarewa daraja wajen ƙarin girma. Janar Salihu Ibrahim, da zai bar kujerar shugaban sojan ƙasa a 1993, ya faɗa da bakinsa cewa ta zama rundunar da komai ma yana iya faruwa a cikinta.

Duk da haka ƙaramin soja bai daina aikinsa ba. Tun daga 1990 ya yi ta mutuwa a Laberiya, daga baya a Saliyo, ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. A Maris ɗin 1998 sojan Najeriya suka mai da Tejan Kabbah, zaɓaɓɓen shugaban Saliyo, kan kujerarsa. A daidai wannan lokaci Abiola, wanda aka soke zaɓensa na 1993, yana tsare a nan Najeriya, Shehu Musa 'Yar'aduwa kuma bai fi wata uku da rasuwa a kurkukun Abakaliki ba. Yaron da ya faɗi a Freetown domin ƙuri'ar 'yan Saliyo ta yi aiki, tasa ƙuri'ar ba ta aiki. A 2008 wasu sojoji da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya suka fito titi a Akure suna neman alawus ɗinsu, aka yanke wa 27 ɗaurin rai da rai kafin daga baya a sassauta.

Shekarar 2014 ta tona komai. Rundunar da ta kwantar da Monrovia da Freetown ta kasa riƙe Gwoza da Bama da Mubi. A Disamba kotun soja ta yanke wa mutum 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita daga, su kuwa kukansu ba makamai. Shekara guda bayan haka aka sassauta hukuncin, a daidai lokacin da ake binciken zargin karkatar da fiye da dala biliyan 2 na sayen makamai. A farkon 2015 sojan Chadi da na Nijar ne suka ƙwato Damasak. Wa ya taimaka aka kori Boko Haram daga cikin Maiduguri a 2013? 'Yan ƙato da gora, samarin unguwa da suka san kowa da gidan ubansa, da mafarauta a Adamawa daga baya. Ranar da soja ya yarda ya saurari mutanen gari, ranar ya fara gani. An kuma samu gwaraza irin Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da ya faɗi a Malam Fatori a Nuwamban 2016, da wasu dubbai da ba jaridar da ta buga hotonsu. Allah Ya jiƙansu, Ya kyauta bayansu.

Tsohuwar tarbiyyar nan ta zamanin sintiri kuwa ba ta mutu da komawar mulki hannun farar hula ba. An gan ta a Odi a 1999, a Zaki Biam a 2001, a Zariya a Disamban 2015. A Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira a Rann. Ranar 3 ga Disamban 2023 jirgi marar matuƙi ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri, aka ƙirga gawa aƙalla 85. Na yaba wa marigayi Janar Lagbaja da ya taka ƙafa ya je ƙauyen ya ba da haƙuri, domin ba abu ne da muka saba gani ba. Amma haƙuri ba ya maye gurbin bincike a fili, da diyya a hannun magada, da gyaran da zai hana a maimaita. Waɗannan abubuwa uku, ƙarƙashin farar hula ne kawai ake iya tsayawa a neme su da babbar murya ba a kwana a bayan kanta ba.

Yanzu 'yan bindiga sun fara leƙowa ƙauyukan Kano da ke iyaka da Katsina, wajen Shanono da Tsanyawa. Mutanen can soja suke roƙo, kuma suna da gaskiya. Sojan da suke roƙo shi ne wanda zai kwana a bakin dajin da harsashi isasshe, da abinci, da mota mai lafiya, da alawus da ya shiga a kan lokaci, wanda ya san in ya faɗi ba za a bar matarsa tana yawo da takardu ofis-ofis ba. Duk hafsan da ya koma gidan gwamnati, an rage guda ke nan daga masu tunanin yadda za a tsare waɗannan ƙauyuka. Samarinmu har yau suna tururuwar zuwa Defo a Zariya, wasu don kishi, wasu don ba wata ƙofa a buɗe, su ne kuma ake kai wa Tafkin Chadi da dajin Zamfara. Iyayensu a aiki, tsoffin sojoji, sun sha zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. Mai ƙaunar soja da gaske, nan ya kamata ya kai fushinsa.

Akwai abin da za mu iya yi ba sai mun jira Abuja ba. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27. Kowace ta buɗe rajistar 'ya'yanta da suka mutu a bakin aiki, tun daga Burma da Kwango da yaƙin basasa har zuwa Sambisa, gwargwadon abin da dattawa ke iya tunawa kafin su ma su tafi. Mai unguwa ya san gidan da aka yi zaman makoki ba gawa. Shi ya kawo suna, dagaci ya tattara, hakimi ya sa hannu. Ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, kada a tsaya ga ajiye furanni a Kano da Dutse. A karanta sunayen nan a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, a gaban iyalansu, limamai su yi addu'a. A gefen kowane suna na 'yan shekarun nan a rubuta ko an biya matar haƙƙinta, ko 'ya'yan suna makaranta. A ba ɗan majalisar tarayya na mazaɓar kwafi ɗaya, a ajiye ɗaya a wurin dagaci, ranar da ya dawo neman ƙuri'a a buɗe masa ita a tambaye shi gida nawa ya bi wa kadi. Shi ne ke zaune a majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin tsaro duk shekara, kuma shi muna da hanyar sauke shi in shekara huɗu ta cika.